Takalma a Bakin Rami

Ni ɗan fadama ne. A Gummi aka haife ni, inda ƙasa take shimfiɗe har iyakar ganin mutum, kuma kafin shekarar da zan ba da labarinta ban taɓa hawa abin da ya fi tankin ruwan makarantarmu tsawo ba. Ina babbar sakandare na shiga ƙungiyar matasa masu aikin taimakon jama'a. Abokina ne ya kai ni, wani dogo mai surutu da muke zama benci ɗaya, ya ce idan aka bar ni da littafi zan tsufa ban san hanyar kasuwa ba. Aikinmu share masallaci ne da yashe magudanar ruwa, wani lokaci mu je asibiti mu ɗebo wa masu jinya ruwa. Abin ya yi mini daidai, don ana iya yin shara ba tare da an yi magana da kowa ba.

A farkon daminar shekarar aka kira taron rassan ƙungiyar na Anka da Gummi da Bukkuyum a wani ƙauye gaba da Gwashi. A lokacin hanyoyi ba su lalace kamar yadda suka yi daga baya ba, iyaye na barin 'ya'yansu su kwana a ƙauye. Duk da haka sai da Inna ta daɗe tana juya maganar, sannan ta ƙulle mini hoce da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce in riƙa tsayawa inda manya suke.

A makarantar firamaren ƙauyen aka sauke mu. Ranar farko ta tafi a jawabai da gabatar da juna. Shugaban taron wani malamin makaranta ne daga Anka, gajere, da usur rataye a wuyansa, kowa Malam yake ce masa. 'Yan Anka suka sa mu a gaba, wai tun daga nesa suka ji ƙarnin kifi suka san 'yan Gummi sun iso, wai gobe za a ga yadda ƙafar taɓo take hawa dutse. Abokina ya tsaya musu shi kaɗai har muryarsa ta dishe. Ni kuwa na samu wuri kusa da taga na zauna ina kallon dutsen da suke magana a kai.

Yana bayan ƙauyen, baƙi, kamar an kifa ƙatuwar tukunya. Wajen ƙugunsa akwai wani fili ja da ya zagaya shi kamar tabon ƙuna. Nan ne wurin masu haƙar zinariya. Da yamma ardon makiyayan yankin ya zo ya yi mana bayani: an haƙa ramuka an bar su a buɗe, ciyawa ta fara rufe bakinsu, karsanarsa ta faɗa ɗaya ba a iya fito da ita ba, kuma yaransu na bi ta can da awaki. Mai gari ya ƙara da cewa tun ruwan farko masu haƙa suka sauko suka koma gona, yanzu babu kowa a sama. Malam ya ce to aikin taronmu ya samu. Ya raba mu biyu. Kashi na farko su wuce gaba su tsince duk wata shara, kashi na biyu su biyo baya suna rufe ramuka. Ya ja kunne cewa duk ramin da aka gani da igiya ko kayan aiki a bakinsa a bar shi. Idan an gama, za mu ƙarasa har ƙololuwa mu ɗauki hoto.

Bayan sallar asuba da koko muka kama hanya, kowa sanye da farar rigar ƙungiya. Da farko turbar shanu muka bi ta cikin sabara. Can ta ƙare, sai falalen dutse mai santsi wanda sai ka haɗa da hannu. Ƙirjina ya riƙa zafi. Ban yarda na waiwaya ba, idona na kan dugadugan wanda ke gabana.

Da muka fito filin nan ja, surutu ya ragu da kansa ba wanda ya hana. Ramuka ne ko'ina, bakin kowanne bai fi na rijiya ba, gefensa tarin farar tsakuwa. Ga bukkokin leda da iska ta yayyaga, ga murhu da tokarsa a jiƙe, ga tukunya a kife, kamar mutane sun tashi ana tsakiyar cin abinci. Ban ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Idan ka tsaya a bakin rami wata iska mai sanyi takan taso ta taɓa maka ƙafa, ga rana kuwa tana dukan ƙeyarka. A jikin bangon an sassaƙa 'yan gurabe na sa yatsun ƙafa, suna sauka har su ɓace cikin duhu. Abokina ya jefa tsakuwa a wani, muka kasa kunne, ba mu ji saukarta ba. Ya yi dariya, ba wanda ya taya shi.

Ni aka ba riƙon buhu a kashi na farko. Ina tsaye, masu tsinta na kawowa suna zubawa: gwangwanayen kifi, matattun batiran tocila, ledojin ruwa, tsummoki, kwalaben magani. Nakan girgiza buhun in danna, don ya ɗauki da yawa. Can abokina ya zo yana kaɗa wasu silifa shuɗaye a saman kansa.

"Ɗan Inna, buɗe buhu, ga takalman angoncinka mun samo."

Ya jefa su ya wuce. Wani ya zo ya zuba gwangwani a kai.

'Yan Bukkuyum ne suka fi yawa a kashi na biyu, kuma sun iya aikin. Su gitta manyan itatuwa a bakin rami, su jera ƙirare, su shimfiɗa ganye, sannan duwatsu, sannan ƙasa, su tattake. Kafin rana ta take tsaka filin ya canza. Babu leda, babu tsumma, babu sanda a tsaye, sai tsibin jar ƙasa a jere, kowanne kamar ɗan'uwansa. Wani ya ce wurin ya koma kamar maƙabarta, Malam ya harare shi. Muka ɗaure buhunan muka jingine su a gindin wani marke, za mu ɗauka idan mun dawo.

Hawan da ya rage ya fi na farko wuya. Akwai wata tsaga da sai da muka bi ta da rarrafe ɗaya bayan ɗaya, dutse na gugar bayanmu. Da na fito daga cikinta iska ta buge ni har na durƙusa. Daga can sama gonaki kore shar, shanu kamar an watsa gero, can nesa ta wajen gida wani farin zare yana ƙyalli, aka ce mini gulbi ne. Muka yi taimama muka yi azahar a kan falale, muka ci abin da muka zo da shi, aka jera aka ɗauki hoto. Ta gabas hadari ya fara haɗuwa, amma da sauran nisa.

Da hayaniya ta yi mini yawa sai na ja jiki zuwa gefe, na kwanta rubda ciki na leƙa ƙasa don in ga aikinmu daga sama. Sai na ga mutum a filin.

Daga inda nake bai fi ƙwaro girma ba. Ya ajiye jarka ruwan ɗorawa, da wani abu naɗe a kafaɗarsa. Ya je gaban tsibi ɗaya ya tsaya, ya bar shi ya je wani, ya juya ya dawo. Sai ya durƙusa ya kafa kansa a ƙasa kamar mai sujada, amma ba gabas yake kallo ba. Ya tashi da gudu ya je wani tsibin ya sake yin haka. Ko ɗan sauti bai iso gare ni ba, iska na kwashewa.

Abokina ya zo ya kwanta kusa da ni.

"Mi kaka kallo haka?"

Na nuna masa. Ya ƙura wa mutumin ido. Sannan ya ce, a hankali, ko dai mahaukaci ne, ko kuma wanga ba mutum ba ne, tunda mai gari da bakinsa ya ce babu kowa. Na tashi na je na taɓa hannun Malam, karo na farko da na yi masa magana tun da aka fara taron. Ya zo ya leƙa. Ya ɗaga usur zai sa a baki, sai ya sake shi, ya ce kowa ya tattara mu sauka.

Da muka iso filin, ashe saurayi ne, bai girme mu da yawa ba, maganarsa irin ta mutanen gabas. Abin da ke kafaɗarsa igiya ce. Yatsunsa duk jini, ya riga ya tone rabin wani tsibi da hannu. Bai amsa sallamar Malam ba.

"Ina takalman? Wa ya ɗauke takalman?"

Da ƙyar Malam ya samu maganar ta fito a jere. Shi da yayansa baƙi ne, ba su da gona a nan, don haka da kowa ya sauka su suka zauna. Kwanan nan suka karɓi wani rami da mai shi ya bari. Da safe yayan ya shiga. Ba a shiga da takalmi saboda guraben bango, a bakin rami ake barin su, kuma duk mai haƙa da ya ga takalma a jere ya san da rai a ƙasa, ba ya taɓa su, ba ya ture ko tsakuwa a wurin. Igiya ɗaya gare su, da ita suke jawo buhun dutse, da ita suke ɗiban ruwa, shi ya sa ya tafi da ita rijiya ta ɗaya gefen dutsen. Ya dawo ya tarar da wannan. Takalman da wani jan tsumma a kan sanda su ne alamarsa, yanzu bai san wane tsibi ba ne. Ya ce ramin ya yi zurfi sannan ya kwanta gefe, ta baki kaɗai iska ke shiga. Ya kalli gabas, muka kalla tare da shi. Hadarin ya ci rabin sama.

Malam ya ce a buɗe duka. Amma tsibin na da yawa, kuma mun yi aikin da kyau, kowanne sai mutane da dama sun taru kafin a ɗaga duwatsun. Aka tambayi abokina inda ya tsinci silifan. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ce wallahi ɗazu wurin ba haka yake ba.

Wani ya jawo buhun da na riƙe da safe zai zazzage. Na riƙe bakin buhun na ce kada a juye, a riƙa cirewa daga sama, kowa ya faɗi inda ya tsinci nasa. Muryata ba ta fita sosai ba, sai da Malam ya maimaita. Haka aka yi. A ciro kwalba, wani ya ce ta wajen murhu ce. A ciro leda, wani ya ce daga bukkar can. Muna cirewa muna komawa baya cikin safiyarmu, yatsun masu nuni na matsawa yamma. Da aka zo kan gwangwanayen da ke saman silifan, wani ɗan Anka ya ce shi ya kwaso su, a gindin tsagaggen dutsen can, kuma ya ga dogon nan na Gummi a gabansa.

Ƙarƙashin silifan shuɗaye akwai wasu takalman, na roba, rana ta cinye launinsu har sun yi fari, sun bushe kamar ɓawon itace. Malam ya ɗago su, ya tambayi saurayin su nawa ne a ƙasa. Ya ce yayansa kaɗai. Waɗannan sun tarar da su a bakin wani rami tun zuwansu, kuma ba su tambayi kowa ba. Saurayin ya karɓe su da hannu biyu ya ajiye a kan dutse. Ba wanda ya ce shi ya tsinto su.

A gindin tsagaggen dutsen akwai tsibi da dama kusa da juna. Muka far wa na farko. Da aka ɗaga ƙiraren wani wari mai sanyi ya taso, jemagu suka fito suka bi ta kanmu. Saurayin ya kwanta ya zura kansa ya kira yayansa da ƙarfi. Shiru. Sai kiran ya dawo ta bayanmu, daga ƙarƙashin wani tsibi da ba a buɗe ba, a shaƙe, kamar mai magana da bakinsa a cikin tulu. Waɗanda ke tsaye a kai suka yi tsalle suka sauka. Saurayin ya ce ramukan a haɗe suke ta 'yan tsagogi a ƙasa, muryarsa ce. Ya haska tocila, ya ce ba wannan ba ne, guraben sun yi gansakuka.

Na biyu ma ba shi ba ne. Iska ta tsaya cak, hasken rana ya koma rawaya, fararen rigunanmu sun yi ja da ƙasa. Ba mai magana sai nishi da ƙarar dutse a kan dutse. Duk ramin da aka buɗe sai ya kira, kiran ya zagaya ta ƙarƙashin ƙafafunmu ya fito wani wuri. Ni dai ina kwasar ƙasa da hannu ina karanta duk abin da ya zo bakina.

A wani da ke ɗan lungu, yana haskawa ya ga farar ƙura sabuwa a guraben. Ya kira, ba a amsa ba. Ya cire nasa takalman ya jera su a bakin ramin, ya ɗaura igiyar a ƙugu, ya miƙa wa Malam ɗaya bakin, ya ce idan ya ja sau biyu mu jawo. Muka ga tocilar na sauka tana ƙanƙancewa, sannan ta karkata gefe ta ɓace.

Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya. Muka jeru riƙe da igiya, Malam a gaba, abokina a bayana ina jin numfashinsa. Ruwan ya ƙaru. Daga saman dutsen ƙananan magudanai suka fara gangarowa, jajaye, suna neman ramukan da muka buɗe. Wasu suka cire riguna suka tare ruwan da su da ƙasa don kada ya shiga namu. Igiyar na kwance a hannunmu kamar ba kowa a ƙarshenta. Na ji Malam na salati ƙasa-ƙasa.

Sai ta motsa, ta sake motsawa.

Nauyin ya fi yadda na zata. Muna ja, ƙafafunmu na zamewa a taɓo, har kai ya ɓullo, fari fat da ƙura, gashi da gira da gemu duka. Yayan ne, an ɗaura masa igiyar ta ƙarƙashin hammata. Idanunsa a buɗe suke. Ya dube mu mun kewaye shi, ya dubi baƙin sama, sai ya runtse ido ya fara kalmar shahada. Aka kwantar da shi a gefe, ruwan sama na wanke masa fuska, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugi. Ƙanen ya fito da kansa a baya.

An daɗe kafin ya iya zama. Aka ba shi ruwa daga jarkar. Malam ya durƙusa a gabansa cikin taɓo ya yi masa bayanin su wane ne mu da abin da ya kawo mu, ya roƙe shi gafara. Mutumin ya saurara kamar labarin wani ake ba shi. Ya ce yana can ciki bai ji komai ba, sai da ya ga numfashi na yi masa wuya ya rarrafo, ya tarar babu haske a sama. Ya hau har kansa ya bugi itace. Ya tura, bai motsa ba. Ya yi ihu, ba kowa. Daga nan ya ɗauka dutsen ne ya rufta, ya koma ƙasa ya zauna, ya kashe tocila don bai ga amfanin kallon bango ba.

Ƙanen ya tambaye shi, cikin kuka da faɗa, me ya hana shi amsawa, ai ya yi ta kira.

"Na ji ka," in ji shi. "Ta cikin bango muryar ta fito, ba ta sama ba. Ka san a cikin rami ba a amsa irin wannan kiran."

"Ni ne, Yaya. Ramukan ne a haɗe."

"Kai ka ce Yaya. Akwai wani mai kiran, shi da sunan da tsohuwarmu ke kirana ya kira ni."

Malam ya gyara murya ya ce rashin iska na sa mutum ya ji abubuwa, an san wannan. Mutumin ya gyaɗa kai, bai yi musu ba. Ya ce ɗayan ya riga ƙanensa fara kira, kuma ya fi kusa.

Malam ya ce mu taimaka masa mu sauka kafin dutse ya ƙara santsi. Ya miƙe da ƙyar, yana dafe da kafaɗar ƙanensa, amma bai juya wajen hanya ba. Ƙanen ya ce kayan aikinsu na ciki, da buhun dutsen da suka sha wuya a kansa, gobe idan ruwa ya tsaya zai shiga ya ɗauko. Yayan ya ce ba mai sake shiga. Ya dubi Malam ya ce tunda mun iya rufewa, mu rufe masa wannan, mu sa duwatsun da suka fi na ɗazu girma.

Muka rufe ramin cikin ruwan, shi da sauran da muka buɗe. Yayan ne ya riƙa nuna dutsen da za a ɗauko, wanda ya yi masa ƙarami ya ce a canza. Da aka tattake ƙasar ya hau kai ya tsaya, ya karkata kai yana saurare. Mu ma muka yi tsit. Ni abin da na ji kawai ruwa ne yana bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ya sauko, ya ce mu tafi.

A hanyar sauka da zama muka riƙa gangarowa a kan falalen, muna riƙe da rigunan juna. 'Yan'uwan biyu na tsakiyarmu. Har muka iso turbar shanu yayan na waiwaye, duk sanda ya waiwaya kuwa sai ƙanen ya kama hannunsa ya ja shi gaba.